Tarihin Neman Maganin Ƙwaƙwalwa, Daga Bagadaza Zuwa Kantar Kemis

Ibn Khallikan, malamin tarihin nan da ya rasu a Dimashƙa a shekarar 1282, ya kawo wani labari da ya ji daga bakin malaminsa Baha'uddin Ibn Shaddad, wanda ya yi wa Salahuddin al-Ayyubi alƙalancin rundunar yaƙi. Ibn Shaddad ya ce lokacin da yake makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, wasu ɗaliban fiƙihu su huɗu ko biyar suka haɗa baki za su sha balazur domin hadda ta zauna musu. Suka je wurin wani mai magani ya faɗa musu gwargwadon da ake sha, suka sayo, suka fita wajen makaranta suka sha. Hankalinsu ya gushe, suka watse, ba wanda ya san inda suka nufa. Bayan 'yan kwanaki sai ga ɗayansu, wani dogon mutum, ya shigo makaranta tsirara, ba komai a jikinsa sai ƙaton rawani mai jela har ƙasa, yana tafe cikin natsuwa da kamala irin ta manyan malamai. Da aka tambaye shi ko lafiya, sai ya ce ai balazur suka sha, abokansa duk sun haukace, shi kaɗai ne Allah ya kuɓutar.

Balazur ƙwallon wata bishiya ce ta ƙasar Indiya, dangin kashu. A cikin ɓawonsa akwai wani baƙin mai da masu wanki a can suke yi wa tufafin mutane alama da shi, saboda ba ya fita. Duk wanda man ƙwallon kashu ya taɓa ɗigar masa a fata yana yaro ya san irin ƙunar da yake yi. To ɗan'uwan wannan man ne likitocin wancan zamani suke cuɗawa da zuma da wasu magunguna su bai wa mai neman ƙarfin hadda. Kuma ba ƙananan ɗalibai kaɗai suka sha ba. Littattafan tarihin maruwaita hadisi sun ruwaito cewa manyan malaman Basra biyu, Abu Dawud al-Ɗayalisi da Abdurrahman bin Mahdi, sun sha shi, na farko ya kamu da kuturta, na biyu ya fito da albaras. Shi kuwa al-Balazuri, mai littafin Futuhul Buldan da ya rasu wajen shekarar 892, an ce shan wannan magani ne ya taɓa masa hankali a ƙarshen rayuwarsa har ya cika a asibitin Bagadaza, kodayake wasu masana sun ce kakansa ne abin ya faru da shi.

Kada mu yi saurin yi musu dariya. A zamanin da littafi sai an kwafe shi da hannu, darajar malami tana ga abin da ke cikin kansa. Wanda zai iya zuba hadisai dubu da isnadinsu ba tare da duba takarda ba, shi ake yi wa tattaki daga Andalus ko Khurasan. Ɗalibin da ya ga abokinsa na haddace darasi da ji ɗaya, shi kuwa sai ya maimaita har asuba, ba abin mamaki ba ne ya nemi abin da zai cike masa giɓin ko da akwai haɗari.

Akwai kuma wata hanyar, wadda almajiran ƙasar Hausa suka fi sani, domin tana cikin Ta'alimul Muta'allimi na Shehu al-Zarnuji, wanda ya rayu wajen farkon ƙarni na 13. A babin da ya yi kan abubuwan da ke kawo hadda da masu kawo mantuwa ya ambaci aswaki, da shan zuma, da cin lubban da sukari, da cin jan zabibi guda 21 kowace safiya kafin a karya. Har gobe waɗannan ne ake tarar da su a shagunan magungunan Musulunci idan aka tambayi maganin karatu. Abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba shi ne malamin bai fara da su ba. Abin da ya sa a gaba shi ne naci da dawwama kan karatu, da rage ciki, da tsayuwar dare, da karatun Alƙur'ani. Zuma da zabibi daga baya suka zo.

Tun daga nan maganin ƙwaƙwalwa ya rabu gida biyu, kuma a ganina bai sake haɗuwa ba har yau. Akwai mai ƙarfi, wanda mai shansa zai ji aikinsa a jiki, amma sai ya biya da lafiyarsa. Akwai mai sanyi, wanda ba ya cutarwa, amma da wuya a nuna abin da ya ƙara. Sauran tarihin duk neman na uku ne, mai ƙarfi kuma marar cutarwa.

Abin da ya fi kusa da wannan na ukun ɗan Adam ya daɗe da samunsa, kuma arha ne. Sufayen Yaman ne a ƙarni na 15 suka mayar da gahawa abin sha domin kada barci ya kwashe su wajen zikirin dare. Daga nan ta isa Makka, inda wani jami'in gwamnati mai suna Khair Beg ya hana shanta a 1511, hanin da bai yi ƙarko ba, ta kuma isa Alƙahira ta hannun ɗaliban Yaman da ke Azhar. Mu a nan goro muka samu. Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15, aka buɗe hanyar Gwanja, kuma ɗaruruwan shekaru fatake suna ɗauko shi daga can da jakuna. Sinadari ɗaya ne ke aiki a cikin gahawa da goro da shayi, wato kafeyin, wanda wani Bajamushe mai suna Runge ya fara tacewa daga 'ya'yan gahawa a 1819. Yadda yake aiki kuwa, akwai wani sinadari da ke taruwa a ƙwaƙwalwa muddin mutum na farke, shi ne ke sa ido ya yi nauyi; kafeyin sai ya je ya tare wurin da wancan yake sauka. Gajiyar tana nan, saƙonta ne aka hana isowa, kuma barcin sai an rama shi.

Turawa sun ga goro sun yi sha'awa. Coca-Cola da John Pemberton ya haɗa a Atlanta a 1886, da ganyen koka da goro, a matsayin maganin ƙarfafa ƙwaƙwalwa aka fara tallarta. Kamfanin Burroughs Wellcome na Landan ma ya yi wata ƙwaya mai suna Forced March daga abubuwan nan biyu, wadda mai binciken ƙasa Shackleton da mutanensa suka tafi da ita ƙanƙarar kudancin duniya.

Babban sauyi ya zo ne da amfetamin. Wani ɗan Romaniya, Lazar Edeleanu, ya haɗa shi a Berlin tun 1887, aka ajiye ba a san amfaninsa ba har shekara arba'in. A 1929 Gordon Alles, wani masanin sinadarai a Los Angeles da ke neman maganin asma, ya sa aka yi masa allurarsa. Asma dai bai yi mata wani abin kirki ba, amma ya lura hancinsa ya buɗe, zuciyarsa ta yi fari, surutu ya zo masa, daren kuma bai runtsa ba. Kamfanin Smith, Kline & French ya fara sayar da shi da sunan Benzedrine a matsayin abin shaƙa don toshewar hanci, sannan ya fito da ƙwayarsa. A 1937 masana a Jami'ar Minnesota suka gwada ta kan ɗalibai, labari ya bazu a ɗakunan kwana, kafin a ankara masu shirin jarrabawa sun mamaye kemis, har mujallar Time ta ba da rahoton waɗanda suka yanke jiki suka faɗi. A shekarar dai, a jihar Rhode Island, likita Charles Bradley ya bai wa yara 30 masu matsalar ɗabi'a wannan ƙwaya don wani dalili daban, sai malamansu suka ga kusan rabinsu sun natsu sun duƙufa kan darasi. Yaran da kansu suka sa mata suna ƙwayar lissafi. Daga wannan ne aka samo hanyar da ake bi yau wajen kula da yara masu larurar kasa tattara hankali, kuma ga waɗanda likita ya tabbatar suna da larurar, magungunan nan suna aiki sosai. Wannan ba abin musu ba ne.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya gwada ƙwayar a kan lafiyayyu masu yawan gaske. Kamfanin Temmler na Berlin ya fito da Pervitin a 1938, wato metamfetamin, kuma tsakanin Afrilu da Yulin 1940 an raba wa sojojin Jamus ƙwaya miliyan 35, lokacin da suka ratsa Beljiyam da Faransa kwana da kwanaki ba barci. Ba a yi nisa ba likitocinsu suka ga illar: sojan da ya yi kwana biyu a farke sai ya yi kwana biyu ba ya moruwa, wasu kuma suka kasa rabuwa da ita. A 1941 Jamus ta sa ta cikin magungunan da doka ta ƙayyade. Ingila da Amurka su ma sun raba wa nasu Benzedrine. Masanin tarihi Nicolas Rasmussen, wanda ya bi diddigin gwaje-gwajen da sojojin ƙawance suka yi, ya nuna cewa a ma'aunin aiki ƙwayar ba ta fi kafeyin da wani abin a zo a gani ba. Abin da ta fi shi da shi shi ne tana sa soja ya ji ƙwarin gwiwa, ya ji shi gwani ne. A riƙe wannan, domin za mu sake cin karo da shi bayan shekara saba'in. Japan kuwa, da yaƙi ya ƙare aka zubo ragowar ƙwayoyin soja kasuwa, ta faɗa annobar shaye-shaye da ta ɗauke ta shekaru kafin ta shawo kanta. A 1971 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa amfetamin cikin yarjejeniyar ƙayyade magungunan da ke taɓa hankali.

Masu kare ƙwayar kan kawo labarin Paul Erdos, gwanin lissafi ɗan Hungary da ya wallafa maƙaloli kusan 1,500. Ya daɗe yana shanta, har a 1979 abokinsa Ron Graham ya yi masa alkawarin dala 500 idan ya iya barinta wata guda. Ya bari, ya karɓi kuɗinsa, ya yi ƙorafin cewa an jawo wa ilimin lissafi asarar wata ɗaya, ya koma shan abarsa. Ya kai shekara 83. Labarin gaskiya ne, amma Erdos tun yana yaro gwani ne, kafin ya san akwai wata ƙwaya a duniya.

Cikin wannan yanayi, da duniya ta ga amfanin amfetamin ta kuma ga ɓarnarsa, mutumin da ya raɗa wa fannin suna ya bayyana. Corneliu Giurgea an haife shi a Bukares ta Romaniya a 1923. Ya yi karatun likita, ya je Leningrad ya yi aiki a ƙarƙashin Kupalov, almajirin Pavlov mai gwajin karnuka, daga bisani ya koma Beljiyam ya shugabanci binciken magungunan ƙwaƙwalwa a kamfanin UCB. A 1964 shi da abokan aikinsa suka haɗa wani sinadari da suka kwaikwayo daga wanda ƙwaƙwalwa ke amfani da shi wajen kwantar da kanta, da fatan samun maganin sa barci. Bai sa dabbobin gwaji barci ba. Bai kuma tayar musu da hankali ba. Ba ya ƙara bugun zuciya, ba ya taɓa numfashi, kuma ko an ɗura musu mai yawa ba ya kashe su. A al'adar kamfanonin magani, irin wannan sai a jefar. Amma Giurgea ya lura da wani abu: ɓerayen da aka ba su sinadarin, idan aka rage musu iskar shaƙa ko aka ja musu lantarki a ka, ba sa manta abin da aka koya musu kamar sauran. Sinadarin shi ne pirasetam, wanda aka fara sayarwa a farkon shekarun 1970 da sunan Nootropil.

Da yake bai shiga kowane rukunin magunguna da aka sani ba, a 1972 Giurgea ya ƙirƙiro masa sabon rukuni ya kira shi nootropic, kalmar da ake gani yau a jikin kwalabe. Bai tsaya ga suna ba, ya gindaya sharuɗɗa. Dole maganin ya ƙara koyo da riƙe abin da aka koya. Dole ya kare abin da aka koya daga abubuwan da ke goge shi, ya kuma kare ƙwaƙwalwar kanta daga rauni ko guba. Sharaɗin da ya fi kowanne wuya shi ne kada ya kasance mai sa maye ko barci ko zabura, kuma illarsa ta zama kaɗan ƙwarai. Da wannan ma'auni amfetamin ya faɗi, kafeyin ma bai tsallake ba. Mutumin yana neman na ukun nan ne da gaske, kuma ya yi imani ya kama bakin zarensa.

Da farko alamu sun ba shi gaskiya. A 1976 Dimond da Brouwers a Cardiff suka gwada pirasetam kan ɗalibai 16, suka ce bayan mako biyu sun fi riƙe kalmomi. Likitoci a Turai da Tarayyar Sobiyet da Asiya da Latin Amurka suka shiga rubuta shi ga tsofaffi masu mantuwa, da masu shanyewar ɓarin jiki, da yaran da karatu ke yi wa wuya. Sobiyet ta ɗauki abin da muhimmanci, ta ƙera nata samfurin mai ƙarfi a 1983 domin 'yan sama jannati. Wannan samfurin ne aka samu a jinin 'yar wasan Rasha Olga Pyleva a gasar Olamfik ta Turin a 2006, aka ƙwace mata lambar azurfa. A lura, dalilin da ya sa aka haramta shi a wasanni shi ne yana zaburar da jiki, wato ya karya sharaɗin Giurgea kenan.

Shi pirasetam ɗin kansa, da aka zo tattara hujjoji sai aka ga ba su da kauri. Gwaje-gwajen ƙanana ne, gajeru, da yawansu ba a tsara su da kyau ba. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta ke nan tace binciken likitanci, ta duba su a 2001 ta ce babu hujjar da ta isa a riƙa ba masu gigin-tsufa ko raunin tunani wannan magani. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta taɓa amincewa da shi ba. A Birtaniya an yarda da shi ne don wata larurar fizgar tsoka. Giurgea ya rasu a Brussels a 1995, shekara huɗu kafin wani sinadari da kamfaninsa ya fitar daga dangin pirasetam, mai suna Keppra, ya sami amincewar Amurka a 1999. Wannan ya zama ɗaya daga manyan magungunan farfaɗiya a duniya. Neman maganin hadda ya haifar da maganin farfaɗiya, kuma ni a wurina wannan ne babban alherin da aikin mutumin ya bari.

Suna kuwa ya kuɓuce wa mai shi. A 1990 Ward Dean da John Morgenthaler suka wallafa littafin Smart Drugs and Nutrients a Amurka, wanda ya jera magungunan da lafiyayye zai sha ya ƙara basira, har da yadda zai yi odarsu daga ƙasashen waje. Sai kuma doka ta buɗe ƙofa. Asalin rigimar, a 1989 wani sinadari mai suna tiriftofan da ake sha don barci da kwanciyar rai ya jikkata mutane fiye da 1,500 a Amurka, ya kashe 37, aka gano matsalar daga kayan wani kamfanin Japan ne, Showa Denko. Hukuma ta yunƙura za ta tsaurara sa ido kan irin waɗannan kayayyaki, masana'antar ta tashi tsaye. Aka yi wata talla a talabijin inda 'yan sanda ɗauke da bindigogi suka fasa gidan ɗan fim Mel Gibson don sun same shi da bitamin. Wasiƙu suka yi wa majalisa ruwa. A 1994 Sanata Orrin Hatch da Sanata Tom Harkin suka jagoranci dokar da Shugaba Clinton ya sa wa hannu, wadda ta ce kayan ƙarin gina jiki ba magani ba ne, don haka ba sai an nuna suna aiki kafin a sayar ba. Mai kaya ba zai ce yana warkar da cuta ba, amma yana iya cewa yana taimaka wa tunani, muddin ya rubuta da ƙananan haruffa cewa hukuma ba ta tantance iƙirarin ba. Lokacin da aka yi dokar kayayyakin ba su wuce 4,000 ba. Bayan shekara 25 hukumar da kanta ta ƙiyasta sun kai 50,000 zuwa 80,000 ko fiye.

Sarkin wannan kasuwa na farko shi ne ganyen ginko, wata tsohuwar bishiyar ƙasar Sin da kamfanin Schwabe na Jamus ya tace ya mayar ƙwaya. Shi dai an yi masa adalci, domin an gwada shi gwaji na gaske. Gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyin bin mutane 3,069 masu shekara 75 zuwa sama, rabi suna shan ginko sau biyu a rana, rabi suna shan ƙwayar da babu komai a cikinta, ba wanda ya san wadda yake sha, har kimanin shekara shida. Sakamakon ya fito a 2008: yawan waɗanda gigin-tsufa ya kama kusan ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Faransa ta yi nata da mutane sama da 2,800, ta fitar a 2012, ba ta ga bambanci ba. Ginko bai bar kanta ba har yau.

Na Prevagen ya fi ban takaici. Kamfanin Quincy Bioscience ya riƙa tallarsa a talabijin cewa an samo shi daga wata halittar teku mai haske cikin duhu, kuma bincike ya tabbatar yana gyara tunani. A 2017 hukumar kare masu saye ta Amurka da jihar New York suka kai ƙara, suka ce binciken kamfanin na mutane 218 bai nuna wani bambanci ba, sai da aka yi ta yanka alƙaluma gida-gida har aka tsinci inda ya yi kyau. Lokacin an riga an sayar da na sama da dala miliyan 165, galibi ga tsofaffi masu tsoron mantuwa. Sai a ƙarshen 2024 kotu ta hana kamfanin ci gaba da waɗancan iƙirarai. Wani likita a Jami'ar Harvard, Pieter Cohen, ya bi ta wata hanyar: ya sayo kwalabe ya kai ɗakin gwaji. A 2020 ya ba da rahoton samun magunguna biyar da Amurka ba ta amince da su ba a cikin kayayyaki goma, wasu ba a ma rubuta su a jikin kwalbar ba, wasu kuma yawansu ya ninka abin da likita zai bayar har sau huɗu. Ɗaya daga cikinsu, binfosetin, tun 2019 hukuma ta gargaɗi mata cewa yana iya jawo ɓari.

A ɓangaren kwanciyar rai akwai ganye ɗaya da ya ci jarrabawa, wanda Turawa ke kira St John's wort. Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 29 a 2008 ta ga yana taimaka wa masu ciwon damuwa marar tsanani. Amma da yake yana aiki da gaske, yana da haɗari da gaske: yana sa hanta ta yi saurin narkar da wasu magunguna, har su daina aiki, cikinsu har da ƙwayar tazarar haihuwa, da wasu magungunan cutar ƙanjamau, da na tsinka jini. Tsohuwar ƙa'idar nan, cewa mai ƙarfi yana tafe da haɗarinsa, ba ta canza ba.

Masu neman mai ƙarfi kuwa sun koma kan modafinil, wanda kamfanin Lafon na Faransa ya ƙera don masu larurar da barci ke kwashe su da rana tsaka ba shiri. Sojojin Faransa sun yi amfani da shi a yaƙin Tekun Fasha na 1991, Amurka ta amince da shi a 1998. A 2008 mujallar kimiyya ta Nature ta tambayi masu karatunta, mutum 1,400 daga ƙasashe 60 suka amsa, ɗaya cikin biyar ya ce ya taɓa shan irin waɗannan ƙwayoyi ba don ciwo ba. Fim ɗin Limitless na 2011, inda wani marubuci da ya rasa madafa ya haɗiyi ƙwaya ya zama gagarabadau, ya ƙara wa abin farin jini. To me gwaji ya nuna? Wani nazari daga Oxford a 2015 ya ce modafinil na ɗan taimakawa a ayyuka masu sarƙaƙiya. Amma a Jami'ar Pennsylvania, a 2013, an bai wa matasa 46 amfetamin ko ƙwayar bogi, aka yi musu gwaje-gwaje iri-iri; kusan babu inda ƙwazonsu ya ƙaru, sai dai waɗanda suka sha ta gaskiyar sun fi yarda cewa sun yi abin kirki. A 2023 masana a Melbourne suka ba mutane 40 wani lissafi mai wuya bayan sun sha wata ƙwayar zaburarwa mai suna Ritalin, ko modafinil, ko amfetamin. Sun ƙara himma, sun ƙara ɓata lokaci, sun yi ta jujjuya amsa, amma ingancin abin da suka fitar ya ragu, kuma waɗanda suka fi ƙwazo ba tare da ƙwaya ba su suka fi yin ƙasa. Abin da aka gani ga sojojin 1940 ne ya sake fitowa.

Abin da ya fi ƙara wa al'umma guda basira a ƙarnin da ya wuce ba a kemis aka sayar da shi ba. Ƙarancin sinadarin aidin, wanda ke kawo maƙoƙo, yana tauye ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa shi a matsayin babban sanadin naƙasar ƙwaƙwalwa da ake iya kaucewa. Suwizalan ta fara zuba shi a gishiri a 1922, Amurka a 1924, Najeriya ta wajabta a 1993. Haka ƙarin sinadarin ƙarfe yake ga yaron da jininsa ya yi ƙasa, haka bitamin B12 ga tsohon da ya rasa shi. A duk waɗannan, giɓi ne aka cike. Wanda ba shi da giɓin, ƙarin ba ya kai shi gaba da inda yake. A 2019 wani kwamitin masana lafiyar ƙwaƙwalwa da ƙungiyar tsofaffi ta Amurka ta tara ya duba kasuwar kaf, ya ce bai ga ko ɗaya da zai ba lafiyayye shawarar ya saya ba.

Yanzu kwalaben nan sun iso mu, ta intanet da hannun 'yan kasuwar sa-kai-ka-sa-wani, ana nuna wa iyaye su lokacin WAEC da JAMB. Lambar NAFDAC a jikin maganin gargajiya ko na ganye ba shaidar yana aiki ba ce. A duba da kyau, sau da yawa an rubuta a jiki cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Uban da ɗansa ba ya riƙe karatu, ya fara da auna jininsa da idonsa da kunnensa, ya kuma duba ƙarfe nawa yake ajiye waya ya kwanta. Wanda mahaifiyarsa ta fara manta hanyar gida ko sunayen jikoki, asibiti zai kai ta, domin wasu sanadan mantuwa ana warkar da su idan an gano da wuri. Mai ciki, da mai shan maganin hawan jini ko na ƙanjamau ko na farfaɗiya, kada su haɗa da kowace irin ƙwayar ƙwaƙwalwa sai likita ya gani. Shekara sittin bayan haɗa pirasetam, hukumar magunguna ta Amurka ba ta amince da ko ƙwaya ɗaya ba a matsayin mai ƙara wa lafiyayyen mutum hadda.